Ka Fara Duba Gindin Matakala

 Ɗana, labari ya iso mini cewa kana neman kafintan da zai goge matakalar benen gidanku ya shafa mata warnish, har ka fara tambayar farashi a kasuwa. Na ji daɗi ƙwarai, don gidan da ake taɓawa shi ke daɗewa a hannun masu shi. Sai dai ina so ka ajiye maganar shafe a gefe tukuna, ka ba tsohonka aron kunne.

Ka san matakalar katako ba ta da yawa a Gadarif. Mu nan mutanen guttiyya ne, wato bukkar ciyawa, da rakuba, wato rumfa, da ɗakunan ƙasa. Wanda Allah Ya hore wa ya ɗora bene a yau, da siminti yake zuba matakala, ya kira mai walda ya yi masa mariƙi na ƙarfe, in yana son ƙawa a shimfiɗa katako a inda hannu ke bi. Ta katako zalla sai a tsofaffin gidaje irin naku, da shaguna da sito na kasuwa inda ake hawa sama a ajiye kaya. Saboda haka kafintocin garin nan, duk da ƙwarewarsu a gado da kabad da ƙofa da taga, ƙalilan ne a cikinsu suka taɓa kwance matakala suka mayar da ita. Ba raini ba ne, aikin ne bai cika zuwa hannunsu ba. Gado in ya karye, mai shi kamu biyu zai faɗo ya tashi yana dariya. Matakala kuwa mahaifiyarka ke hawa, da matarka da goyo a baya da tire a hannu, da yaran da ba su san tafiya a hankali ba.

Abu na farko da zan tuna maka shi ne ƙasar da gidan ke zaune a kanta. Baƙar lakar nan da ta mai da Gadarif rumbun dawa da riɗi, tun da aka fara noman inji a Gadambaliya cikin shekarun 1940, ita ce kuma ke wahalar da gini. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta dare har ƙafar akuya ta shige. Kowace shekara daɓen gida yana ɗan tashi yana ɗan sauka, shi ya sa da wuya ka shiga unguwa, Daim Bakur ce ko Daim Nur ko Salamatul Bai, ka rasa bango mai tsaga. To matakala kanta na maƙale da bene, gindinta na kan wannan ƙasa mai motsi. Shekara da shekaru ana ja ana saki, ƙusa ta saki katako, mahaɗi ya yi sako-sako. Ƙarar da kake ji in an taka, yawanci daga nan take. In daɓen da ke ƙarƙashin takin farko ya tsage ko ya lotsa, to magini za ka fara kira, kafinta ya biyo baya. In ka juya tsarin, damina ɗaya za ta warware duk abin da aka ɗaure.

Na biyu gara. Ita ba ta taɓa fuskar katako, ciki take ci ta bar maka ɓawo, har warnish ɗin da ke kai yana ta ƙyalli. Daga ƙasa take hawowa, ta gina 'yar hanyarta ta laka a jikin bango inda ido ba ya kaiwa, kuma mu da kanmu muke yi mata shimfiɗa: ƙarƙashin matakala nan ne ma'ajin buhun dawa da na gawayi da kwalaye da tsohuwar katifa. Ga ruwan wanke daɓe da ke kwanciya a gindin katako kullum safiya. Duhu da laima da abinci sun haɗu, me kuma take nema?

Don haka kafin kowa ya zo, ka kwashe kayan nan duka, ka ɗauki tocila da doguwar ƙusa ka shiga da kanka. Ka ƙwanƙwasa katakan gefe guda biyu, waɗanda duk nauyin matakalar ke kansu, tun daga ƙasa har sama. Mai lafiya zai amsa da ƙarfi, wanda aka cinye zai yi ƙara irin ta abin da ba komai a cikinsa. Ka danna ƙusa a gindi. In ta shige ba gardama, ka san abin da ke nan. In ka ga ƙananan huji da gari mai laushi a ƙasa, wannan kuma ƙwaron katako ne. Sannan ka kama ginshiƙin mariƙi na ƙasa ka girgiza shi da ƙarfin da wanda santsi ya kwashe zai cafke shi. Ba don ka zama kafinta nake sa ka wannan ba. Don in usta, wato kafintan, ya zo yana magana, ka san ko abin da ya faɗa ya yi daidai da abin da idonka ya gani.

A nan ne za ka gane mutuminka. Akwai wanda zai tsaya daga bakin ƙofa, ya ɗaga kai ya dubi matakala, ya shafa mariƙi da tafin hannu, ya ce maka kwana uku zai mai da ita sabuwa, ya yanke kuɗi nan take. Ka ba shi shayi, ka gode masa, ka raka shi. Akwai kuma wanda zai tuɓe takalmi ya durƙusa, ya nemi fitila, ya shige ƙarƙashi ya fito da yana a rawaninsa, ya hau ya sauka yana sauraro, ya tambaye ka ta ina ruwa ke bi in an yi sama. Mai yiwuwa ya faɗa maka abin da ba ka so, ya ce katakon gefe ɗaya ya tafi, sai an canza, kuma ba zai shafa komai ba sai an yi wannan. Kuɗinsa zai fi na farko, maganarsa ba za ta yi maka daɗi ba. Shi za ka riƙe.

Wajen nemansa, ka tambaya a masallaci, ka tambayi masu sayar da katako, amma ka tuna mai katako yakan tura ka ga wanda ke saye a wurinsa. Abin da ya fi, ka ce wa ustan ya nuna maka aikin da ya yi wanda damina biyu ta wuce a kansa. Sabon aiki kowa nasa na da kyau. Gani ya kori ji: ka je gidan, ka nemi izini, ka taka da ƙafarka. In da hali, ka sa matarka ta tambayi matan gidan, don maigida sau biyu yake hawa a yini, su kuwa ba sa ƙirgawa. Su za su gaya mata ko wani taki na kama zane, ko ustan ya bar musu gida kaca-kaca, ko yaransa na da kunya.

Za a ce maka ga wane, namu ne, Bahaushe ne, ɗan gidan wane ne. Madalla, in ya iya, ya fi kowa cancanta, kuɗinka ya zauna a cikin dangi. Amma zama namu ba shaidar iya aiki ba ce. Kuma na ga zumunci da yawa ya yi tsami a kan aikin da aka fara da "haba, tsakaninmu ai ba sai an yi magana ba". Ɗan'uwa shi ya fi buƙatar a yi magana dalla-dalla da shi, don in aka saɓa da bare kowa ya kama hanyarsa, in da ɗan'uwa ne kuwa za ku haɗu a suna da jana'iza har ƙarshen rayuwa.

Akwai kuma baƙinmu. Tun da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu 2023, Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar, Sinja ta bi baya a tsakiyar 2024, garin nan ya cika maƙil, makarantu suka koma masauki. A cikin waɗanda suka zo akwai masu sana'a da suka yi shekaru suna aikin manyan gidaje a Khartum da Omdurman da Bahri, inda bene ba abin kallo ba ne. Wasu sun koma bayan sojoji sun karɓe Madani da Khartum a farkon 2025, wasu har yanzu suna tare da mu. A aikin matakala, mai yiwuwa a cikinsu za ka sami wanda ya fi sanin kanta. Matsalar ita ce ba shi da aikin da zai kai ka ka gani a nan, wataƙila ma kayan aikinsa sun salwanta a hanya. To ka gwada shi da ƙaramin abu: ƙofa ɗaya mai cijewa, ko taki biyu na matakalar. Yadda ya riƙe ƙaramin aiki haka zai riƙe babba. Sai dai ka tuna masa halin ƙasarmu, don wanda ya saba da wani wuri bai san yadda lakar nan ke wasa da gini ba. Abin da ban yarda ka yi ba shi ne ka dubi halin da yake ciki ka karya masa farashi don ka san ba shi da zaɓi. Kakanninmu da ƙafa suka iso ƙasar nan a kan hanyar Makka, wasu bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno da gaɓar Rahad da Atbara da nan Gadarif, suka ci da guminsu a gonakin mutane. Jikan baƙo bai kamata ya ci da zuci a kan baƙo ba.

In kun daidaita da mutum, sai maganar kuɗi, kuma a wannan zamani ita ce ta fi raba mutane. Ka tuna a Fabrairun 2021 gwamnati ta ɗaga dala daga fam 55 zuwa 375 a rana guda, a 2024 kuwa ta haura fam 2,000 a kasuwar bayan fage. Farashin da aka yanke yau, mako biyu ya isa ya mai da shi zalunci a kan ɗayanku. Saboda haka ka raba kuɗin kaya da kuɗin hannu. Ya rubuta maka abin da ake buƙata, ku tafi kasuwa tare, shi ya zaɓa kai ka biya, a kawo komai gida tun ranar farko, har gam da samfefa da ƙusa. Kuɗin hannu kuma ku kasa shi uku: kafin alƙalami, sai kashi na biyu in an gama gyaran katako, na ƙarshe in shafe ya bushe ka taka ka gamsu. Kada ka biya duka a gaba ko da ya rantse, ba don ɓarawo ba ne, don shi ma mai iyali ne. Kuɗin zai shige cefane, sannan ya kama aikin wani don ya sami na gama naka.

Ku rubuta, ko a bayan takardar makarantar yaro ce, da shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka ba wanda zai ce ka raina shi. In ta manhajar Bankak ka tura kuɗi, ka adana shaidar a wayarka. A cikin takardar ku faɗi taki nawa za a canza, da wane irin katako, shafe hawa nawa, ranar farawa da ta gamawa, da wanda zai kwashe shara. Ku faɗi kuma na wane ne tsohon katakon da aka cire. Mutane na mantawa da wannan, alhali tsohon maɗaci ko tik da ya shekara hamsin yana bushewa, in an yanke inda ya lalace, ragowar ta fi sabon da za ka saya. Fatur, wato karin kumallo, da shayin masu aiki al'adar garin nan ce, a kanka yake, kada ka sa a lissafi. Ka kuma sanar da matan gida lokacin shigarsu da fitarsu.

Batun katako, ga abin da na sani. Bagaruwa, wadda a kasuwa za ka ji ana ce mata sunut, tana da nauyi da tauri da jure laima. Da ita aka shimfiɗa layin dogo a ƙasar nan, da ita ake sassaƙa jiragen ruwa a bakin Nilu. Ta dace da gindi da ginshiƙi, amma sai an huda ta kafin a sa ƙusa, in ba haka ba ta tsage. Maɗaci ya fi daɗin hannu da kyan ido, shi ya dace da mariƙi. Tik gara ba ta son sa, amma daga Kudu yake zuwa, kuma tun da aka raba ƙasa a 2011 ya yi wuya ya yi tsada. Farin katakon nan mai sauƙi da ake shigowa da shi ta Bur Sudan, wanda ake kira muski, yana da araha da daɗin aiki, amma kada ka bari ya taɓa ƙasa, don shi ne tuwon gara. Araha ba ta ado. Kowanne ka saya, ka tabbata busasshe ne, ka jera shi a inuwa cikin gidan da 'yan sanduna a tsakani ya yi kamar mako biyu kafin a yanka. Ɗanyen katako in aka kafa shi, da rani zai janye ya bar maka baki a buɗe. Gindin matakalar kuwa a ɗora shi kan dakalin siminti mai ɗan tudu, da takalmin ƙarfe a tsakani, yadda ruwan wanka da na shara ba za su same shi ba, kuma in gara ta gina hanya za a gan ta.

Ka riƙe 'yan lambobin nan, su ne magina a ƙasashe da yawa suka tsaya a kansu. Tsayin kowane taki santimita 17 zuwa 18, faɗin inda ƙafa ke sauka kada ya gaza 25. Mafi muhimmanci, duk su zama ɗaya. Ƙafa tana haddace takin farko da na biyu, in ta tarar da na bakwai ya fi su da ɗan yatsa, nan ake tuntuɓe, musamman da dare in an ɗauke wuta. Mariƙi ya kai santimita 90, kaurinsa daidai yadda hannun tsohuwa zai zagaye shi. Tsakanin sanda da sanda kada ya wuce santimita 10, don kan yaro kada ya shige. Kada kuma a yi masa sanduna a kwance, yara tsani za su mai da su. Ginshiƙin ƙasa da bol da noti ake ɗaure shi. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe abin da ake jijjigawa kullum.

Yanzu sai shafen da ka fara da shi. Kafin a zuba ko ɗigon launi, ka ce a kira ka ka ga katakon tsirara bayan an goge. Launi mai duhu yana rufe asirin rami da aka cusa wa garin katako da gam, da tsagar da aka lulluɓe. In ka gani ka yarda, to a shafa, hawa uku marasa kauri, ana bari kowanne ya bushe a ɗan bi shi da samfefa mai laushi. A kan taki kada ka nemi ƙyalli irin na kabad ɗin amarya, santsi ne da shi, balle ga mai safa ko mai jiƙaƙƙiyar ƙafa daga alwala. Shafen jamalakka yana da kyau a kayan ɗaki amma ba ya jure ruwa da taku. Mariƙin da ke waje yana shan rana, fentin mai ya fi masa, don ranar Gadarif tana ɓare warnish cikin ɗan lokaci. Launi kuwa, wannan ka bar wa uwargida, ba ni da ta cewa. In ba wata hanyar hawa, a shafa taki ɗaya a tsallake ɗaya, in waɗannan sun bushe a koma kan sauran.

Lokaci ma na da nasa. Daga Yuni zuwa Satumba katako a kumbure yake da laima, warnish kan yi hazo ya ƙi bushewa. Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40, shafe na bushewa tun buroshi bai gama tafiya ba, ga ƙurar da ke gabatar damina. Sanyin Disamba zuwa Fabrairu ya fi, sai dai lokacin ne kuɗin riɗi da dawa ke shigowa gari, aure ya yi yawa, kafintoci su nutse a gadon amare. Ka kama ustanka da magana tun kafin a fara yankan riɗi a Oktoba.

Abu uku nake roƙon ka kada ka yi sakaci da su. Tsohon fenti sau da yawa akwai dalma a cikinsa, ita ce gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. In za a kankare tsohon fenti, a jiƙa shi, a fitar da yara da mai ciki, a goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share ta da tsintsiya. Sannan tina da warnish wuta suke jira. Kada a hura gawayin dafa jabana, wato kofi, kusa da su, tsummokaran da suka sha mai kuma kada a tara su dunƙule a lungu, suna iya kamawa da kansu, kuma ka san yadda gobara ke yi a unguwar da rabin rufinta ciyawa ce. Na ƙarshe, garin nan cike yake da maganin feshin gona, wani zai ce a zuba shi a gindin matakala ya kashe gara. Kada ka yarda. Na gona daban, na gida daban. Ka nemi wanda aka yi don gara, a sa shi a ƙasa da jikin katakon da ke ɓoye, a bar wurin ya sha iska kafin yara su dawo.

In an gama, ka hau ka sauka da nauyinka, ka jingina da mariƙi, ka sake shiga ƙarƙashi da tocila. In ka gamsu, ka cika masa haƙƙinsa a ranar, kada ka ce ya dawo jibi. Malamanmu sun sha faɗa mana nauyin jinkirta ladan ma'aikaci. Ka ɗan sa wa yaron da ya sha ƙurar samfefa wani abu a hannu. In kuwa akwai abin da bai yi maka ba, ka ja ustan gefe ka nuna masa, ba a gaban yaransa ba, ba kuma a bakin kasuwa ba. In abin ya ƙi, akwai dattawan unguwa da manyan sana'arsu, su zauna da takardarku da shaidunku su raba gardama.

Ranar da ka sami wanda hankalinka ya kwanta da shi, kada ka ba shi ko fam ɗaya sai ka aiko an ɗauko ni, in zo mu shiga ƙarƙashin matakalar tare da shi. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da mai ɗakinka da yara. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gidan da na cikinsa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.